Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙaramin Ɗaki Domin Tallar Gidan Haya ko na Sayarwa

Masu neman gida da yawa a garuruwa irin su Kano, Kaduna da Abuja sukan fara ganin gidan ne a fuskar waya, ko dai dillali ya turo musu hotuna ta WhatsApp, ko kuma su ci karo da tallar a Facebook, Jiji ko Nigeria Property Centre, kuma daga waɗannan hotuna ne mutum yake yanke shawarar ko zai kashe yininsa da kuɗin motarsa ya je ya gani da ido. Babban falo ba ya ba mai ɗaukar hoto wahala, domin ko ta ina ya tsaya zai sami sarari. Inda aikin yake shi ne ɗakin kwana mai ƙafa 10 ko 12, da kicin, da banɗaki, da sito, wato irin ɗakunan da suka fi yawa a gidajen haya, musamman ciki da falo da kuma ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a hotunan irin waɗannan ɗakuna. Na farko shi ne hoto mai duhu, a karkace, wanda ya kama rabin bango da gefen ƙofa, har ɗaki mai kyau ya fito kamar akurki. Na biyu shi ne hoton da aka buɗe shi fiye da kima, ɗakin ƙafa 10 ya fito da faɗin da ba shi da shi, mai nema ya zo da ɗoki ya koma da fushi. Abin da ake bukata shi ne hoton da zai nuna ɗakin a girmansa na gaskiya, da haske, bangonsa a tsaye, ta yadda wanda ya gani zai iya ƙiyasta inda gadonsa da durowarsa za su zauna. Ana samun wannan ko da waya ce kawai a hannu, muddin an bi matakan da ke tafe.

Mataki na farko: izini da awo

Idan akwai mutane a gidan, ka nemi izinin maigidan tun kwana ɗaya kafin zuwanka, ka kuma faɗa masa a sarari cewa hotunan za su shiga intanet. Ɗakin matar aure ba wurin da ake faɗawa da kyamara ba ne, kuma akwai mai yarda a ɗauki falo amma ba zai yarda a ɗauki uwar ɗaka ba. Idan an hana, ka haƙura ka jira har su tashi.

Ka tafi da tef ɗin awo. Kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, ka auna tsawo da faɗin kowane ɗaki ka rubuta, ka kuma lura da ɓangaren da tagarsa take kallo, gabas ko yamma, kudu ko arewa. Awon zai shiga cikin bayanin talla, sanin fuskar taga kuwa shi zai gaya maka lokacin da ya dace ka dawo.

Mataki na biyu: shirya ɗakin

A babban ɗaki tarkace yakan ɓace wa ido, amma a ƙarami takalmi ɗaya a bakin ƙofa ya isa ya janye hankalin mai kallo. A fitar da bokiti, tsintsiya, buta, kwali, ledoji da wayoyin caji, a cire tufafin da aka rataye a bayan ƙofa, a kuma sauke kalanda da hotunan iyali da duk wata takarda mai ɗauke da suna. Abin da ya fi komai nuna girman ɗaki a hoto shi ne daɓensa, saboda haka duk abin da za a iya ɗagawa daga ƙasa a ɗaga shi. A share, a goge tayil, a jira ya bushe, domin jiƙaƙƙen tayil yana mayar da haske ya ɓata hoto. A lokacin hunturu a goge gilashin taga da ragar sauro, saboda ƙurar da ta kwanta a kansu tana rage hasken da ke shigowa, tana kuma fitowa fili a hoto.

A ɗakin da ke da kaya, ka miƙe zanin gado, ka rage matasan kai, ka rufe ƙofofin durowa, ka kashe fanka don kada fukafukanta su fito a dishe. Wayam ɗin ɗaki kuwa yana da tasa matsalar, wato babu abin da ido zai auna girmansa da shi. Maganinta shi ne ka tabbatar ƙofa ko taga ta fito cikakkiya a hoton, tunda kowa ya san kimanin girman ƙofa.

Akwai bambanci tsakanin gyara ɗaki da ɓoye aibunsa. Share yanar gizo-gizo gyara ne, amma jawo katifa a rufe laimar da ta ci bango, ko juya kyamara don kada tabon yoyo a silin ya fito, wannan algus ne, kuma mai haya zai gano shi a damina ta farko. Idan akwai tsaga ko laima, ko dai mai gida ya gyara kafin a ɗauki hoto, ko kuma a bar ta ta fito a kuma ambace ta.

Mataki na uku: zaɓen lokaci da haske

Hasken taga ya fi kowane haske kyau ga ƙaramin ɗaki, amma wanda ake so shi ne mai laushi, wanda ya bazu a ɗakin ba tare da rana ta faɗo kai tsaye a kan daɓe ba. Idan rana ta shigo kai tsaye, wuri ɗaya zai yi fari fat, sauran ɗakin ya yi duhu, ga kuma inuwar ƙarfen taga da za ta zana layuka a bango. Don haka ɗakin da tagarsa ke kallon gabas a ɗauke shi bayan hantsi ya ɗaga ko bayan azahar, wanda ke kallon yamma kuwa a ɗauke shi da safe. Ranar da hadari ya rufe sama ko hazo ya yi yawa takan ba da haske mai laushi duk tsawon yini. Ka zuge labule gaba ɗaya, ka kuma buɗe ƙofar ɗakin da ta falo domin haske ya shigo ta bayanka.

Game da ƙwan lantarki, ka sani kowane haske yana da launinsa. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna launin haske da shi, ƙwai mai ruwan ɗorawa yana tsakanin 2700 da 3000, farin ƙwan LED da ya cika kasuwa kuwa yawanci 6500 ne, wanda yake ɗan karkata zuwa shuɗi. Idan aka haɗa hasken taga da ƙwai mai ruwan ɗorawa, bango ɗaya zai fito da launi biyu, kuma gyara wannan daga baya yana da wuya ƙwarai. Shawarata ita ce ka fara ɗauka da fitilu a kashe, sai idan ɗakin ya yi duhu sosai ka kunna, kuma duk ƙwayayen su zama iri ɗaya. Wannan yana da wata fa'ida, domin ba za ka zauna jiran a kawo wuta ba. Filashar waya kuwa ka kashe ta, saboda tana haska abin da ke kusa ta bar nesa a duhu, tana kuma barin farin tabo a tayil da fenti mai sheƙi.

Mataki na huɗu: wane gilashi za ka yi amfani da shi

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa tarko. Yawancin wayoyin yanzu suna da gilashin kyamara, wato lens, fiye da ɗaya: wanda aka rubuta wa 1, wanda faɗin ganinsa ya yi daidai da milimita 24 zuwa 26 a lissafin babbar kyamara, da kuma wanda aka rubuta wa 0.5 ko 0.6, mai kimanin milimita 13 zuwa 16. Da zarar mutum ya shiga ƙaramin ɗaki sai hannunsa ya tafi kan 0.5, saboda yana kwaso komai a lokaci ɗaya. Sai dai wannan gilashi yana miƙar da duk abin da ke gefen hoto, ƙofa ta yi faɗi, tayil mai murabba'i ya zama dogo, bangon da ke nesa ya ƙara nisa, gado kuma ya yi tsawon da babu irinsa. Bugu da ƙari, a wayoyi da yawa wannan gilashi ba ya jure ƙarancin haske kamar babban, don haka hotonsa yakan fito da dishi-dishi.

Ɗan lissafi zai nuna maka cewa sau da yawa ba ka ma bukatarsa. Ɗakin ƙafa 12 yana da kimanin mita 3.6. Idan ka tsaya a dokin ƙofa ka riƙe waya a kwance da gilashi na 1, abin da za ta kama a nisan mita 3.6 ya kusa mita 5 a faɗi, wato bangon da ke fuskantarka zai shiga gaba ɗaya, har da wani sashe na bangon dama da na hagu. A ɗakin ƙafa 10 ma, mai kimanin mita 3, za ta kama wajen mita 4. Saboda haka ka fara da gilashi na 1 kullum. Idan bai isa ba, ka matsa zuwa 0.8 ko 0.7, ka ajiye 0.5 domin banɗaki da sito, inda babu wata dabara. Mai amfani da babbar kyamara ya tsaya tsakanin milimita 16 da 24, kuma ya fi karkata zuwa 20 ko 24. Idan kyamarar mai ƙaramin faranti ce, wato sashen da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, irin wadda ake kira APS-C, milimita 11 zuwa 16 ne suka yi daidai da wannan.

Kada ka yi amfani da tsarin panorama, wanda ake jan waya daga gefe zuwa gefe yayin ɗauka, domin yana lanƙwasa bango. Kuma kafin ka fara, ka goge gilashin wayar da tsumma mai laushi, saboda maiƙon yatsa shi ne yake sa hasken taga ya fito kamar an shafa hayaƙi a kansa.

Mataki na biyar: tsayin kyamara da daidaitonta

Idan za ka riƙe abu ɗaya kawai daga wannan jagora, to ka riƙe wannan. Mutum yakan ɗaga waya zuwa daidai idonsa, wato wajen mita 1.6 daga ƙasa, sai ya ga daɓe bai fito ba, sai ya sunkuyar da ita. Da zarar an sunkuyar da kyamara, layukan da suke tsaye, irin su kusurwar bango da gefen ƙofa, sai su tsuke ta ƙasa su buɗe ta sama, ɗakin ya fito kamar zai kife. Idan kuma aka ɗaga ta sama, sai su tsuke ta wajen silin. Ko wanda bai san komai game da hoto ba yakan ji cewa wani abu bai daidaita ba, ko da ya kasa faɗin ko mene ne.

Abin yi shi ne ka sauko da kyamarar ita kanta maimakon ka sunkuyar da ita. Ka ajiye ta a tsayin mita 1.2 zuwa 1.4, wato wajen daidai ƙirji, bayanta yana tsaye cak daidai da bango. A wannan tsayi daɓe yakan fito da yawa, silin ya fito daidai gwargwado, saman gado da na tebur kuma su bayyana. Ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan raga da ke raba fuskar waya gida tara, sannan ka daidaita ɗaya daga cikin tsayayyun layukan da kusurwar bango ko gefen ƙofa. Ka duba ɓangaren dama, ka duba na hagu; idan duka biyun sun yi daidai, kyamarar ta tsaya. Wasu wayoyin suna da ɗan layi da yake canza launi idan waya ta daidaita, ka kunna shi idan taka tana da shi.

Riƙe waya a wannan tsayi da hannu ba tare da motsi ba yana da wuya, musamman a ɗaki mai ƙarancin haske inda kyamara take daɗewa kafin ta rufe ido. Shi ya sa sandar kyamara mai ƙafa uku ta fi kowane kayan aiki muhimmanci a wannan sana'a, kuma ko mai arha ta wadatar. Ka ɗora wayar, ka saita ƙidayar daƙiƙa 3, ka danna ka janye hannu. Idan babu sanda, ka jingina kafaɗa da jikin ƙofa, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka ɗauke numfashi lokacin dannawa.

Mataki na shida: inda za ka tsaya

Wuri mafi kyau shi ne bakin ƙofa, kuma za ka iya ja da baya ka tsaya a waje, kyamara tana leƙawa ciki, muddin katakon ƙofar bai shiga hoton ba. Wannan taku ɗaya ko biyu da ka ƙara yana sa gilashi na 1 ya wadatar. Daga nan akwai hanyoyi biyu. Ko dai ka fuskanci kusurwar da ke nesa, bango biyu su fito su haɗu a wani wuri da ba tsakiyar hoto ba, wanda shi ne yake nuna zurfin ɗaki, ko kuma ka fuskanci bangon da ke gabanka sak, shi ya fito cikakke tare da ɗan sashe na bango biyun da ke gefe. Hanya ta biyu tana da kyau ƙwarai ga ɗaki mai tsawo da kuma kicin, amma ba ta yafe karkata ko kaɗan, dole layin da bango ya haɗu da silin ya kwanta daidai.

Bayan hoton bakin ƙofa, ka shiga ka tsaya a kusurwar da ke fuskantarta, bayanka manne da bango, ka ɗauki na biyu wanda zai nuna ƙofar shigowa da ta banɗaki idan akwai. Da waɗannan biyun mai kallo zai fahimci fasalin ɗakin. Na uku, idan ana bukata, ya nuna abin da ɗakin ya keɓanta da shi, kamar durowar jikin bango ko babbar taga. Ka guji barin wani babban abu dab da kyamara, irin su gefen durowa ko kan gado, domin zai kumbura ya cinye kashi ɗaya cikin uku na hoton. Duk hotunan ka ɗauke su a kwance, a tsarin 4:3, saboda shi ne yake amfani da dukkan farantin kyamarar waya, kuma yana zama daidai a shafukan talla.

Mataki na bakwai: saitin haske

Babbar matsalar hoton cikin ɗaki ita ce taga tana da haske sosai, ɗaki kuma ba shi da shi. Idan ka bar waya ta zaɓa da kanta, sau da yawa za ta bi taga ta bar ɗakin a duhu. Ka danna yatsa a kan bangon da ke da matsakaicin haske, ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan har ɗakin ya fito yadda idonka yake ganinsa. Ka bar tsarin HDR a kunne, domin yana haɗa hotuna masu haske daban-daban ya fitar da ɗaya. Ba laifi idan taga ta ɗan yi fari, tunda ɗakin ake tallatawa.

Mai babbar kyamara a kan sanda ya sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, tsakanin 100 da 400, ƙofar haske a f/8, ya bar lokacin buɗe ido ya yi tsawon da ya ga dama. Idan bambancin hasken ya yi yawa, ya ɗauki hoto uku ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya daidai, ɗaya mai duhu da mataki biyu (mataki ɗaya a nan yana nufin ninka haske ko rage shi rabi), ɗaya mai haske da mataki biyu, ya haɗa su a kwamfuta. Idan fitilu suna kunne kuma ka ga ratsi-ratsi a hoto, dalilin shi ne wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma wasu ƙwayayen suna ƙyaftawa tare da ita. Sa saurin ɗauka a 1/50 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka jinkiri yana kawar da ratsin.

Mataki na takwas: kicin da banɗaki

A kicin ka ɗan ɗaga kyamara zuwa wajen mita 1.4 ko 1.5, domin saman kanta ya fito, ka kwashe tukwane da kwanuka da soso, ka bar wurin wanke-wanke a bushe. A banɗaki ka rufe murfin masai, ka fitar da bokiti da buta da sabulu, ka tsaya a bakin ƙofa, kuma nan an yarda ka juya waya a tsaye idan wurin ya yi ƙunci. Ka lura da madubi da tayil mai sheƙi, domin sau da yawa mai ɗaukar hoto yakan fito a cikinsu da wayarsa bai sani ba. Matsawa gefe kaɗan ko saukar da kyamara yana magance wannan. Mai neman haya yana son sanin ko akwai shawa, famfo da tagar shan iska, don haka ka tabbatar sun fito.

Mataki na tara: gyara da turawa

Kafin ka bar gidan, ka buɗe kowane hoto ka faɗaɗa shi ka duba kusurwoyi huɗu, domin sake ɗauka a lokacin ya fi dawowa gobe sauƙi. Wajen gyara, manhajoji irin su Snapseed da Lightroom sun wadatar. Ka fara da miƙar da layukan tsaye idan sun ɗan karkata, sannan ka ƙara haske kaɗan, ka buɗe wuraren da suka yi duhu, ka rage farin taga, ka daidaita launi har farin bango ya fito fari. Nan ya kamata gyara ya tsaya. Kada ka ja hoto ta gefe don ɗaki ya ƙara faɗi, kada ka canza launin fenti, kada kuma ka goge tsaga, waya ko tabo da manhaja.

Ka jera hotunan yadda mutum zai bi idan ya shigo da ƙafarsa: gaban gida, tsakar gida ko baranda, falo, ɗakin kwana, kicin, sannan banɗaki. Hoto biyu ko uku sun ishi kowane ƙaramin ɗaki. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta awon da ka ɗauka tun farko, misali ɗakin kwana ƙafa 12 da 10, taga ɗaya tana kallon gabas, domin awo yana amsa tambayar da hoto ba zai iya amsawa ba, yana kuma rage yawan masu zuwa su juya.

WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, don haka ka zaɓi alamar HD kafin ka tura. Tura hoto a matsayin takarda, wato Document, yana barin ingancinsa yadda yake, sai dai yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye a cikinsa, har da ainihin wurin da aka ɗauke shi idan wayar tana adana wannan. Idan gidan akwai mutane a ciki, ko kuma babu kowa babu mai gadi, ka kashe adana wuri a saitin kyamara kafin ka fara aiki, ka kuma tabbatar lambar gida da lambar mota da lambar mita ba su fito a hoton waje ba.